Shafi na Talatin da Takwas

Kwana tara da haihuwa

Zuwa ga Malamata, 'yar ƙanwata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata ta hagu da ba ta gajiya da ƙorafi. Kunne kuwa kin san halinsa. Shekara talatin da ɗaya a gaban injin masaƙa ba su rage mini komai ba, shi ya sa har gobe waya a wurina abin kallo ce.

Na san labari ya riga ya iso miki, amma ina so ki gan shi da rubutuna: Auta ta sauka lafiya, mace. Na yi jika. Na yi amarya ina da shekara sittin da tara, kuma duk wanda ya ce akwai wadda ta fi ta kyau a layinmu ya zo ya same ni. Kunnuwanta nawa ne sak, Allah dai ya sa nata su yi aiki. Da aka miƙo mini ita a ƙofar ɗakin haihuwa sai na rasa inda ake sa hannu, har ungozoma ta ce in zauna kafin in yar musu da 'yar mutane.

Surukina ya zo ya kwana uku ya koma wurin aikinsu na shimfiɗa bututu, inda ko waya ba ta shiga, sai bayan wata uku kuma. Kafin ya tafi ya danƙa mini takardun inshorar lafiyar da yake biya wa kansa da Auta: ɗan littafi mai shafi arba'in da huɗu, da takarda guda ta shigar da jaririya. Ya ce, "Baba, kai ne mai biro a gidan nan, na sa sunanka wakili." Ki ji fa. Mai biro.

Kin san dokata. Ranar da aka rufe masaƙa na dangwala yatsa a takardar da ban san me ke cikinta ba, ashe haƙƙina na sallama na yafe musu. Baƙin cikin nan ne ya kai ni ajin yamma da furfurata. Malaminmu ya ce kada mu sa hannu a komai sai mun karanta shi har ɗigon ƙarshe, kuma ban taɓa saɓa masa ba. Don haka kullum bayan karin kumallo nakan ɗora rula a ƙarƙashin layi in ci shafi ɗaya, ran da ido ya yi kyau ɗaya da rabi.

Matsalar ita ce, kowace kalma na san ta ita kaɗai, amma in suka haɗu sai su zame mini baƙi. Ke da kike zaune a ofishin inshora na asibiti, ki warware mini waɗannan: zubin wata, kason farko, biyan haɗin gwiwa, iyakar shekara. Akwai kuma "abin da aka keɓe", wanda ya fito sau shida zuwa yanzu.

Kawunki, angon bana.

Kawu,

Barka da arziki, Allah ya raya mana. Muna lafiya, sai ƙaramin da ke haƙori yana cizon kowa. Ka yi haƙuri da jinkiri, wasiƙarka ta yi kwana shida a hanya, ni kuma na yi kwana huɗu ban samu zama ba. Amma Kawu, amarya a wannan shekarun? Da wace gwiwar?

Ga darasinka. Zubin wata shi ne abin da surukinka yake biya duk wata, ko an yi ciwo ko ba a yi ba. In ya tsaya, komai ya tsaya. Kason farko shi ne abin da za ku fara biya da kanku a kowace shekara kafin kamfani ya sa hannu a aljihu. Biyan haɗin gwiwa kuwa, bayan kun gama da kason farko, kowace takardar asibiti raba ta ake yi, su ɗauki babban kaso ku ɗauki ƙarami. Iyakar shekara ita ce inda suke tsayawa. In ciwo ya wuce nan, sai su ce sai baɗi, ko da mutum yana kan gado.

"Abin da aka keɓe" shi ne wanda nake so ka buɗe wa ido. Duk abin da suka jera a ƙarƙashinsa ba za su biya ba, ko an yi kuka ko an yi birgima. A tagar ofishinmu ba a yin mako ban ga wanda ya ji wannan kalmar karon farko ba, yana riƙe da takardar likita.

Nan gaba za ka haɗu da "izini kafin aiki". Ma'anarsa, ba a yin babban aiki kamar tiyata sai kamfani ya amince a rubuce. Za ka kuma ga "asibitocin cikin jeri", wato waɗanda suka yi yarjejeniya da su.

Na ji daɗi da kake karantawa. Cikin mutum ɗari da ke zuwa wurina babu biyu da suka taɓa buɗe littafin nan. Ka bi shi a hankali, Kawu, babu mai korarka, littafi ba ya gudu.

Ka sumbatar mini goshin kishiyar gwiwarka. Ka gaida Auta.

'Yarka.

Kwana talatin da bakwai da haihuwa

Malamata,

Ina gaisuwa. Ni lafiyata ƙalau. Amarya ce ba lafiya.

Tun tana da kwana ashirin Auta ta lura in tana shan nono sai ta saki tana haki, gumi ya tsattsafo mata a goshi. Ranar awo, tana da kwana ashirin da huɗu, nas ta rubuta a katinta cewa nauyinta bai ƙaru ba, leɓɓanta kuma suna yin duhu in ta yi kuka. Aka tura mu babban asibiti. Shekaranjiya likitan zuciya ya ɗora mata na'ura a ƙirji, ya daɗe yana kallon allo. Da ya ga ba na ji, sai ya zana mini a bayan takarda: rami a tsakiyar zuciya, da wata hanyar jini da ta matse. Ya rubuta a ƙasa, tiyata kafin wata biyu. Asibitin gwamnati suna yi, amma layinsu wata bakwai ne.

Yanzu ga abin da ban gaya wa kowa ba.

Ban kai takardar shigar da ita a kan lokaci ba. Tana cikin akwatina, na cike ta tsaf tun makon farko, sa hannu kawai ya rage. A samanta an rubuta "duba sashe na goma sha tara". Na ce zan iso shi a kan layi, ba a tsallake. Da wasiƙarki ta zo kika ce babu mai korata, sai na ƙara miƙe ƙafa. Sau biyu Auta tana tambayata ko na kai, ina ce mata ta bar mini wannan, ita dai ta ji da shayarwa.

Sashe na goma sha tara yana shafi na talatin da takwas. Na iso shi tana da kwana talatin da uku. Layi uku ne kacal: a shigar da jariri cikin kwana talatin da haihuwa. Wanda ya wuce haka, sabon shiga ne.

Washegari tun kafin su buɗe ina bakin ƙofar ofishin kamfanin inshorar. Akwai wata mata a teburin farko, mai tabarau, za ta yi sa'ar babbar yayar Auta. Na taɓa zuwa wurinta Amarya tana da kwana goma sha tara, don in tambaya ko asibitinmu yana cikin jeri. Ran nan ta ba ni kujera, ta kawo mini ruwa, ta rubuta mini amsa da manyan baƙaƙe, har na sa hannu a littafin baƙi tana yaba rubutuna. Da zan fita ta faɗi wata magana. Na ga bakinta yana motsi, na gyaɗa kai na yi murmushi yadda muka saba, mu kurame. Wannan karon da ta duba ranar haihuwa sai ta cire tabarau, ta jawo takarda ta rubuta: "Baba, ai ran nan na ce maka ka kawo kafin wata ya cika."

Ta karɓa ta buga hatimi, kwana talatin da huɗu. Jiya asibiti suka nemi izini kafin aiki, yau amsa ta zo, kamfani ya ƙi. Akwai kalmomi biyu da ban iso su a littafi ba: "lokacin jira" da "ciwon da ya riga rajista". Ki gaya mini gaskiya, kada ki lallaɓa ni.

Kawunki.

Kawu,

Na karanta wasiƙarka a tsaye. Allah ya ba Amarya lafiya. Na kira Auta, na ji muryarta, ban ce mata komai a kan takarda ba.

Da kake cewa takardu suna hannunka, na ɗauka littafin kawai kake karantawa, takardar ta riga ta tafi. A wurinmu abu ne da ko sabon masinja ya sani, shi ya sa ko a raina bai zo in faɗa ba. Littafi nake nufi da na ce babu mai korarka. Kalma ɗaya da na ƙara, da ba mu zo nan ba. Wannan kason nawa ne, kada ka ɗauka duka.

Ka ce kada in lallaɓa ka. Jaririn da aka shigar cikin kwana talatin, ana ɗaukarsa tamkar tun ranar haihuwa yake ciki, da duk abin da ya zo da shi duniya. Sabon shiga kuwa, lissafinsa daga ranar hatimi yake farawa. Ciwon da ya riga rajista shi ne duk ciwon da alamarsa ta bayyana kafin wannan ranar, ko an san sunansa ko ba a sani ba. Abin da nas ta rubuta ranar awo ya ishe su hujja. Lokacin jira kuma shi ne tsawon da za ku yi kuna zubi kafin su fara biyan irin wannan ciwon. Na duba irin tsarinku, wata goma sha biyu ne. Za su biya mata mura da zazzaɓi daga yau. Zuciya sai baɗi.

Hanya ɗaya ta rage, neman sake dubawa. Wakili ne yake rubutawa, wato kai. Ka rubuta, ka haɗa da takardar likita, ka faɗi shekarunka da matsalar kunnenka. Amma ba zan ruɗe ka ba, a shekara goma sha ɗaya da na yi a nan ban ga sun janye don tausayi ba. Ba sa juyawa sai in laifin daga ɓangarensu yake.

A halin yanzu ku sa sunanta a layin gwamnati, ko wata bakwai ne. Ina neman hutu in zo.

'Yarka.

Kwana arba'in da tara da haihuwa

Malamata,

Mun gode da addu'a. An kwantar da Amarya tun ranar Laraba, an sa mata robar iska a hanci. Nono ma yanzu sai an tatsa an ba ta da sirinji. Mu ne na sittin da uku a layin gwamnati.

Kafin wasiƙarki ta zo wani abu ya faru. Muna zaune a barandar ɗakin yara, Auta ta matso daf da kunnena na dama ta ce, "Baba, don Allah yaushe ka kai takardar nan?" Idonta ya faɗa, rigarta duk tabon nono. Na buɗe baki in ce kwana talatin da huɗu. Abin da ya fito shi ne, "Tun kwana goma sha tara." Ban shirya ba, ban yi tunanin kamfani ba. Kunya ce kawai, na kasa bari ta dube ni da wannan idon. Ta ce, "To wa ka ba?" Na ce matar teburin farko.

Kwana biyu bayan haka na karanta layinki: ba sa juyawa sai in laifin daga ɓangarensu yake. Na karanta shi ya fi sau goma.

Na rubuta neman sake dubawa. Na ce ranar goma sha tara na miƙa takarda ga ma'aikaciyar teburin farko, ta sa a aljihun teburinta ba ta ba ni rasit ba, da na ji shiru na koma na cike wata. Na ce su duba littafin baƙi, za su ga sa hannuna da kwanan wata. Sau uku na kwafe ta don kada a ga gogewa. Na karanta ta har ɗigon ƙarshe, na san abin da ke cikinta, na sa hannu.

Na kai jiya. Ba ta teburinta na bi ba, na zagaya ta ƙofar masu kawo saƙo.

Ba shawara nake nema ba. Ina so ne a ce akwai mutum ɗaya a duniya da ya sani.

Kawunki.

Kawu,

An hana ni hutu, abokiyar aikina ta haihu. Ina kiran Auta kullum da rana.

Ban san yadda zan fara ba. Ni ma matar teburin farko ce, Kawu. A wurinmu ɓatar da takardar rajista sunansa babban sakaci. Ba gargaɗi ake yi ba, kora ce, kuma ba a ba mutum takardar shaidar aiki. Duk ofishin inshorar da ta nufa bayan nan sai sun kira sun tambaya. Matar da ta ba ka kujera.

Ba abin da nake nufi ke nan ba da na rubuta layin nan. Sau biyu ke nan ina rubuta maka magana tana zama wani abu a hanya.

Za su kira ku zama, kai da ita. Kafin ranar kana da damar janyewa, layi ɗaya ya isa. Na rubuta "ka janye" a wata takarda na zauna ina kallonta, don na san abin da janyewa take nufi ga Amarya. Na yaga. Na sake rubutawa, na sake yagawa. Ba zan ce ka janye ba, ba zan kuma ce ka kyauta ba. Ba zan gaya wa Auta ba.

Ka rubuto mini ko layi biyu ne.

'Yarka.

Wata huɗu da kwana biyu da haihuwa

Malamata,

Gaisuwa da ban haƙuri. Wasiƙunki uku suna nan, na karanta, na kasa amsawa. Ina fata ƙaramin ya gama haƙori ya bar mutane su huta. Gwiwa tana nan yadda kika san ta.

An yi wa Amarya aiki. Awa biyar da rabi. Na san Auta ta gaya miki, amma ba ta gaya miki yadda leɓɓanta suka koma ba. Jajir, Malamata. Tana kama nono ba ta saki sai ta ga dama. Ta yi kumatu. In ta yi kuka yanzu har ni ina ji, ranar farko da na ji sai da na fita tsakar gida na yi ta dariya ni kaɗai kamar taɓaɓɓe. Ɗinkin ƙirjinta bai fi tsawon ɗan yatsana ba. Na ce mata ko da tabo ina so, ba na fasa auren. Surukina ya dawo ya same ta tana wasa da ƙafa, ya durƙusa a gabana yana godiya har na rasa inda zan sa fuskata.

Wasiƙarki mai maganar janyewa ta same ni saura kwana biyu a yi zaman. Ban janye ba.

Ɗaki ne ƙarami mai dogon tebur, manyansu biyu a gefe ɗaya, littafin baƙi a buɗe a gabansu. Aka shigo da matar teburin farko. Ta gaishe ni kafin ta gaishe su. Aka karanta takardata, aka tambaye ni ko haka ne, na ce haka ne. Ta daɗe tana kallona. Sai ta jawo takarda ta rubuta ta turo mini, su ma suna gani: "Baba, yaya jikin jaririyar?" Na rubuta mata: "Tana kan iska. Likita ya ce saura wata ɗaya." Ta karanta, ta ninke takardar ta riƙe a hannu.

Suka tambaye ta ko ta karɓi takarda a hannuna ranar goma sha tara. Ta ɗaga murya yadda zan ji, ta ce, "Mutane da yawa suna zuwa teburina. Ba zan iya rantsuwa ban karɓa ba."

Izini ya fito bayan kwana uku.

Makon jiya na koma ofishin kai rasit. Wani mutum ne a teburin farko. Na tambayi mai gadi, ya ce an sallame ta tun wancan watan. Ya ce 'ya'yanta uku, mijinta ya daɗe da rasuwa, kuma ba ya jin tana unguwar da take zaune a da. Na roƙe shi ya nemo mini inda ta koma. Ban san me zan ce mata ba in na je. Ke kin san mutane a harkar nan, in akwai inda ake neman ma'aikaciya ba tare da an kira tsohon ofishinta ba, don girman Allah ki sanar da ni.

Na tambayi kaina ko da za a mayar da ni ɗakin nan zan faɗi gaskiya. Ba zan faɗa ba. Na duba ko'ina a cikina ban sami nadamar da ta kai in mayar da Amarya kan iska ba, kuma wannan ya fi komai damuna.

Auta har yau ba ta sani ba. Yau da hantsi tana shayarwa a bakin ƙofa, ina gefenta a kan tabarma, sai maganar ta faɗo mata. Ta ce, "Baba, matar nan da ta ɓatar mana da takarda, saura kaɗan ta kashe mini 'ya. Allah ya isa tsakanina da ita. Allah ya nuna mata a kan nata."

A kunnena na dama ta faɗa, na ji kowace kalma. Ta ɗago tana jirana. Amarya tana ta tsotso, hannunta ɗaya riƙe da bakin rigata.

Na ce amin.

Kawunki.